Me Ya Hana Su Gudu? Tarihin Gardama a Kan Wani Fim na Kwafin Mutum da Soyayya

A wannan fitowa ta ɗan littafinmu na zaɓi in bi tarihin wata gardama da aka tafka a Turai da Amurka a kan wani littafi da fim ɗin da aka ciro daga cikinsa. Sunansu ɗaya, Never Let Me Go, kamar dai a ce «kada ka sake ni har abada». Labari ne na kwafin mutum da soyayya. Na san wani zai ce, mu da ke tsakanin Tasawa da Mayahi muna fama da kuɗin kaye da na fotokofi, ina ruwanmu da cacar bakin masu sharhin fim na Landan? To ku ba ni aron kunne. Tambaya guda ce ta fi raba kan masu sharhin nan, kuma a ganina amsarta ta fi kusa da ƙofar gidanmu fiye da tasu.

Daga rogo zuwa tunkiya

Mu fara da kalmar kanta. Abin da muke karantawa a lakwal da sunan clonage, Larabawa kuma suke ce wa istinsakhi, shi nake kira kwafin halitta. Manomi ya san shi tun kafin a ba shi suna. In ka sari karan rogo ka dasa, abin da zai fito kwafin uwarsa ne sak, domin ba ta hanyar iri ya zo ba. Haka rake, haka dankali. Masu lambu ma suna yanko reshen mangwaro mai zaƙi su haɗa shi da wani dashe, mu ce an yi masa aure. A jikin ɗan Adam kuwa, tagwaye masu kama ɗaya daga ƙwai guda suka rabu, don haka tsarin halittarsu ɗaya ne.

Abin da ya girgiza duniya shi ne ranar da aka yi haka da dabba mai shayarwa daga jikin babba. Ranar 5 ga Yuli 1996 aka haifi wata tunkiya mai suna Dolly a cibiyar bincike ta Roslin da ke Sikotilan, ƙarƙashin jagorancin Ian Wilmut, aka kuma sanar da duniya a Fabrairun 1997. Sun ɗauki ƙwayar halitta daga hantsar wata tunkiya mai shekara 6, suka kwashe cibiyar ƙwan wata tunkiyar daban, suka haɗa su da ɗan tartsatsin lantarki, sannan suka dasa a mahaifar tunkiya ta uku. Cikin gwaji 277, ɗaya rak ya zama ɗan tunkiya mai rai. Dolly ta rayu har Fabrairun 2003.

Nan take kowa ya ce, to saura mutum. A wannan shekara ta 1997 Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda ta haramta kwafin ɗan Adam, ta bar ƙofa a buɗe ga tsirrai da dabbobi bisa sharuɗɗa. A Maris 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da sanarwar da ke kiran ƙasashe su hana shi. Har yau babu wanda ya kawo hujjar cewa an kwafi mutum, amma zancen ya shiga bakin jama'a. Kuna tune da 2018, lokacin da jita-jita ta cika wayoyi wai Shugaba Buhari ya rasu an sa wani Jibrin daga Sudan a madadinsa, har sai da ya fito a ƙasar Folan cikin Disamba ya ce shi ne dai da kansa.

Me zai sa a so kwafin mutum? Babban dalilin da ake kawowa shi ne dashen gaɓoɓi. Jiki yana yaƙar baƙuwar ƙoda ko hanta kamar yadda yake yaƙar cuta. Shi ya sa dashen ƙoda na farko da ya yi nasara, wanda Joseph Murray ya yi a Boston a 1954, tsakanin tagwaye aka yi shi. Daga nan tunani mai ban tsoro ya taso: yaya za a yi in aka riƙa kiwon mutane musamman don a cire musu gaɓoɓi?

Littafin 2005

A kan wannan tunani Kazuo Ishiguro ya gina labarinsa. An haife shi a Nagasaki ta Japan a 1954, iyayensa suka koma Ingila yana ɗan shekara 5, kuma da Ingilishi yake rubutu. Littafin ya fito a 2005, fassararsa ta Faransanci kuma, Auprès de moi toujours, ta biyo baya a 2006.

Yara uku ne, Kathy da Tommy da Ruth, a wata makarantar kwana mai suna Hailsham. Ana kula da lafiyarsu ƙwarai, ana koya musu zane da waƙa, wata mata da suke kira Madame tana zuwa tana kwashe mafi kyawun zanensu. A hankali mai karatu yake gane cewa yaran ba su da iyaye, kwafi ne, kuma da sun girma za a fara cire gaɓoɓinsu ɗaya bayan ɗaya har su mutu, yawanci a karo na uku ko na huɗu. A bakinsu ba a cewa mutum ya mutu, sai a ce ya «kammala». Wata malama da ta gaya musu gaskiya ƙiri-ƙiri ba ta daɗe a makarantar ba.

Soyayyar ta shigo ne ta nan. Kathy na son Tommy, Ruth ta shiga tsakani ta riƙe shi shekaru. Akwai kuma raɗe-raɗin cewa duk masoya biyu da suka iya tabbatar wa hukuma cewa son gaskiya suke yi, za a ɗaga musu ƙafa na ƴan shekaru. Da Ruth ta ga ƙarshenta ya zo sai ta nemi gafara ta ba su adireshin Madame. Suka je da zane-zanen Tommy a hannu a matsayin shaida. Aka ce musu ba a taɓa yin wannan sassauci ba, zanen da ake karɓa kuwa don a nuna wa mutanen waje ne cewa yaran suna da ruhi. Tommy ya sa aka tsayar da mota cikin dare, ya fita ya yi ta kururuwa, sannan ya dawo ya shiga. Bayan ɗan lokaci ya je asibiti da ƙafarsa ya «kammala».

An karɓi littafin hannu bibbiyu. Ya kai zagayen ƙarshe na gasar Booker ta 2005, ko da yake John Banville ne ya ci. Mujallar Time ta sa shi cikin littattafan ƙagaggun labarai 100 mafi kyau da aka rubuta da Ingilishi tun 1923. Sai dai tun a lokacin aka fara jayayya a kan inda za a ajiye shi. Ya shiga zagayen ƙarshe na gasar Arthur C. Clarke, wadda ta labaran ƙagen kimiyya ce, amma wasu masoya wannan fanni suka ce kimiyyar cikinsa ba ta taka kara ta karya ba, tunda ko ɗakin gwaji guda ba a nuna ba. Wasu masu sharhin adabi kuma suka riƙa kaffa-kaffa da kiransa ƙagen kimiyya, kamar sunan zai rage masa daraja. Mu da muka san yadda aka laƙaba wa littattafan soyayya na Kano sunan «adabin kasuwa» a shekarun 1990, wannan hali ba baƙo ba ne gare mu.

Fim ɗin 2010

Mark Romanek ne ya ba da umarni, Alex Garland ya rubuta shi don fim. Carey Mulligan ta fito a Kathy, Andrew Garfield a Tommy, Keira Knightley a Ruth. An fara nuna shi a bikin fina-finai na Telluride a Amurka cikin Satumba 2010, kuma da shi aka buɗe bikin fina-finai na Landan a Oktoba.

Nan kawuna suka rabu. Roger Ebert, fitaccen mai sharhi na Chicago, ya ba shi taurari huɗu, iyakar makin da yake bayarwa ke nan. Richard Corliss na Time ya sa shi cikin fina-finai goma da suka fi burge shi a shekarar. Mulligan ta ci kyautar gwarzuwar ƴar wasa a gasar fina-finai masu zaman kansu ta Birtaniya. A ɗaya ɓangaren kuwa, da yawa sun ce fim ɗin ya yi sanyi da yawa, yana tafiyar hawainiya, kyan hotonsa ya danne zafin labarin. Kasuwa ta bi bayan masu suka: an kashe kimanin dala miliyan 15 ta Amurka, abin da ya dawo daga gidajen sinima na duniya bai kai miliyan 10 ba. Gasar Oscar ba ta ko ambace shi ba. A shekarar nan ce Inception, wani fim na ƙagen kimiyya mai gudu da harbe-harbe, ya tara sama da miliyan 800.

A 2010 ɗin dai wani fim na kwafi da soyayya ya fito, Womb, na Benedek Fliegauf ɗan ƙasar Hangari, inda Eva Green ta fito a macen da ta ɗauki cikin kwafin saurayinta da ya mutu, ta haife shi ta raine shi. Wannan masu sharhi da dama sun ja da baya ne saboda ƙyamar abin da ke tsakanin uwa da ɗa. Sukar da aka yi wa Never Let Me Go daban ce, kuma kusan kullum a wuri ɗaya take tsayawa: me ya hana su gudu? Suna da mota, suna yawo cikin gari, kamanninsu irin na kowa. Masu fim ɗin sun ƙara musu wani awarwaro na lantarki a hannu wanda babu shi a littafin, amma ko shi ba su taɓa ƙoƙarin cirewa ba. Masu kallo sun riga sun saba da The Island na Michael Bay, wanda ya fito a 2005, inda kwafi biyu suka gano gaskiya suka fasa gidan suka tsere. Ga kuma waɗannan suna miƙa wuya kamar ragon layya.

Ishiguro ya sha amsa tambayar a hirarraki. Taƙaicen abin da yake cewa shi ne, labarin jarumin bawa da ya yi tawaye bai taɓa jan hankalinsa ba, abin da ke ba shi mamaki shi ne yadda yawancin mutane ba sa gudu, suna karɓar rabon da aka yanka musu suna neman ɗan mutunci a cikinsa. Ya kuma ce ƙarancin kwanan yaran misali ne na ƙarancin kwanan kowa.

Lokaci ya goyi bayansa. A 2016 tashar TBS ta Japan ta mai da labarin wasan talabijin mai kashi-kashi. A 2017 Ishiguro ya samu kyautar Nobel ta adabi. A 2019 jaridar Guardian ta sa littafin na 4 cikin littattafai 100 mafi kyau na wannan ƙarni, a 2024 kuma New York Times ta sa shi na 9 a nata jerin. Duk da haka, duk wanda ya kalli fim ɗin karon farko, tambayar nan ce ke fara fitowa daga bakinsa.

Mu ma ta fito. Ranar da muka kalle shi a ƙungiya, a kan kwamfutar wani ɗan uwa da rubutun Faransanci a ƙasa, samari suka yi ta tsaki. Ɗaya ya ce wallahi da shi ne da tuni ya tsallake katanga. Wata ƴar uwa daga wani ƙauye na gefen Mayahi, wadda ba ta cika magana ba, ta ce masa: «Ka tsallake ka je gidan wa?» Tambayarta ce ta sa na koma na duba shekarun nan guda biyu, 1996 da 2005, in ga me ke faruwa a ƙasarmu a lokacin.

Shekarun nan a Nijar

A 1996, shekarar da aka haifi Dolly, an sayar da wata yarinya mai shekara 12, Hadijatou Mani, a yankin Birnin Ƙwanni cikin jihar Tawa, a kan jika 240 na sefa. An kai ta gidan wani mutum mai mata huɗu a matsayin wahaya, abin da ake kira mace ta biyar, ba sadaki ba ɗaurin aure, ana fakewa da sunan ƙwarƙwara. Ta yi shekara tara tana aikin gida da na gona, ta kuma haihu a gidan. Ita ta gudu, ba sau ɗaya ba. Kamar yadda ta faɗa wa ƴan jarida daga baya, in duka ya yi yawa takan tsere wurin danginta, bayan kwana ɗaya ko biyu a maido ta.

A 2003 Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuffuka a kundin hukunci. A 2005, shekarar da littafin Ishiguro ya fito, ubangidan nata ya ba ta takardar ƴanci, amma ya ce ai matarsa ce, ba inda za ta. Da ta fita ta auri wanda take so, sai ya kai ƙara, aka yanke mata wata shida a gidan kaso da laifin aure kan aure. Ku duba nan da kyau: kamar Kathy da Tommy, ita ma sai da ta tsaya gaban masu iko tana neman a yarda da zaɓin zuciyarta.

Inda labarinta ya rabu da nasu shi ne ta samu masu tsaya mata. Ƙungiyar Timidria ta nan gida, tare da wasu ƙungiyoyin waje, suka kai maganar kotun CEDEAO. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ta yanke hukunci cewa gwamnatin Nijar ta kasa kare ta daga bauta, ta umarci a biya ta miliyan 10 na sefa.

To ga amsar da nake gani. Gudu yana buƙatar abu biyu: sanin cewa abin da ake yi maka zalunci ne, da kuma wurin zuwa. Yaran Hailsham an gaya musu gaskiya kaɗan-kaɗan tun suna ƙanana, kafin su iya fahimta, har ta zame musu kamar ruwan sha. A waje kuma babu gida ko ɗaya da zai ɓoye su, domin kowane gida yana da tsoho ko mara lafiya da ke jiran ƙodarsu. Katangar gaske ita ce amfanin da kowa ke samu. Mai sharhin da ya tashi da fasfo da lauya da kuɗi a banki yana iya ganin rashin gudu wauta ce ko raunin labari. Wanda ya taɓa ganin an raka yarinya an mai da ta ɗakin da ta gudo daga cikinsa, ana ce mata «yi haƙuri, kowa haka ya yi», ba zai yi wannan tambaya ba.

Ba ina cewa kowane aure bauta ne ba, kada a juya mini magana. Amma alƙaluman UNICEF sun nuna kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, babu ƙasar da ta kai haka a duniya, kuma jiharmu ta Maraɗi ta zarce wannan adadi. Kowannenmu zai iya ƙirga ƴan ajinsu na CM2 da ba su ga sixième ba. Su ma waɗanda suka kama hanya don neman mafita, ba kullum hanyar ke kai su ba. A Oktoba 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance, maƙwabtanmu na gabas, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su.

Inda na rabu da Ishiguro

Masu sukar suna da gaskiyarsu, ban hana su ba. Fim ɗin yana da sanyi, kuma akwai haɗari a cikin labarin da ya mai da miƙa wuya abu mai kyan gani, da kiɗa mai taushi da hoton bakin teku. In aka ce yaran nan misalin kowa ne tunda kowa zai mutu, an shafe bambanci tsakanin ajali da yanka. Ajali na Allah ne, ba mai tsere masa. Amma wanda ya kwantar da Tommy a gadon asibiti mutum ne, kuma wani mutum ne zai tashi da ƙodarsa. Mu Hausawa muna cewa mahaƙurci mawadaci, kuma gaskiya ne a kan fari da cuta da rashi. Sai dai mu riƙa duba bakin da ke cewa a yi haƙuri, mu ga ko shi ne ke cin moriyar haƙurin.

Game da batun ruhi kuwa, malaman Hailsham sun ɓata shekaru suna tara zane don su tabbatar da abin da kowace uwar tagwaye ta sani. Hasana da Usaina tsarin jikinsu ɗaya, amma kowacce da halinta, da wanda take so, da hisabinta.

Marubutan Hausa sun daɗe a wannan fage. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Wa Zai Auri Jahila? a 1990 a kan yarinyar da aka cire daga makaranta aka yi wa auren dole, kuma a ƙarshe ilimi ne ya zame mata ƙofa. Mu da muke koyon rubutu yanzu, in za mu ba da labarin wadda aka tsare, kada mu tsaya a kukanta, kada kuma mu sa ta tsallake katanga kawai a tafa mata. Mu nuna wa ke cin riba, wa ya yi shiru, wace goggo ce ta maido ta, wane malami ne ya yi magana aka sauya masa wurin aiki. Mu kuma san abin da ke rubuce: tun Disamba 2017 akwai dokar gwamnati ta kare yarinyar da ke karatu da tallafa mata ta ci gaba da lakwal. Nawa ne cikinmu suka karanta ta? Nawa ne za su iya bayyana ta da Hausa ga mahaifin wata ƴar ajinsu, cikin ladabi, a zaure?

Ina ba da shawara a fitowa ta gaba mu fassara muhimman sassan dokar nan zuwa Hausa mu buga a shafi biyu na ƙarshe, kowa ya tafi da kwafi ƙauyensu lokacin hutu. Wanda ke son littafin Ishiguro na Faransanci kuma ya yi magana a taron Asabar, mu ga yadda za a haɗa kuɗi a samo guda mu riƙa karɓa-karɓa.